Babur Mai Cin Iskar Haidirojin: Zai Yiwu Ko Kuwa Mafarki Ne?



  

Batun da aka ɗora mini shi ne ko zai yiwu ƙaramin babur, irin Vespa ɗin nan da muka sani, ya daina shan fetur ya koma cin iskar haidirojin. Tambayar tana da nauyi, domin tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai babur, ko ɗan acaɓa ne ko malamin makaranta, ya shiga neman mafita. Idan mutane suka matsu kuwa, a nan ne masu romon baka kan sami kasuwa. Saboda haka wajibi ne a kanmu, mu da aka ba damar ɗanɗana ilmin kimiyya, mu auna maganar da ma'auni, kada a yi da mu cinikin biri a sama.

Bari mu fara da na'urar kanta. Zan kira ta batir mai cin iska, domin lantarki take bayarwa kamar batir, amma ba a yi mata caji, ciyar da ita ake yi. A cikinta akwai wani siririn fai-fai mai kama da leda, an shafe fuskokinsa biyu da ƙurar ƙarfen filatinam. Ana turo haidirojin ta fuska ɗaya, iskar da muke shaƙa ta ɗaya fuskar. Filatinam ɗin yana raba ƙwayar haidirojin gida biyu: ɓangare ɗaya ya ratsa fai-fan, ɗayan kuwa ba shi da hanya sai ya zagaya ta waya, wannan zagayawar ita ce wutar lantarkin da ke juya ƙafar babur. A ɗaya fuskar sai su sake haɗuwa da iskar oksijin su zama ruwa. Watau ba wuta, ba hayaƙi, ba ƙara, abin da ke fita ta salansa ruwa ne kawai. Fai-fai guda bai kai ya ba da bolt ɗaya ba, don haka akan jera su da yawa, ɗaya bisa ɗaya.

Kada wani ya zaci sabon abu ne. Wani lauya mutumin Birtaniya mai sha'awar kimiyya, William Grove, shi ya nuna hanyar tun 1839. Ta yi fiye da shekara ɗari tana kwance, sai a 1959 injiniya Francis Bacon na Ingila ya haɗa wadda ke ba da wutar da za ta yi aikin kirki. Irin tasa ce Amurkawa suka sa a kumbon Apollo da ya kai mutum duniyar wata a 1969, ta ba su wuta, ta kuma ba su ruwan sha.

To, an taɓa ɗora ta a kan babur? Ƙwarai kuwa. A 1967 wani masani haifaffen Ostiriya, Karl Kordesch, ya haɗa babur mai irin wannan batir a Amurka, ko da yake nasa wani sinadari ne mai guba yake sha, ba haidirojin tsantsa ba. A 2005 kamfanin Intelligent Energy na Ingila ya fito da babur mai suna ENV, wanda ke gudun kilomita 80 a awa. Kamfanin Suzuki na Japan ya nuna Burgman mai cin haidirojin a bajekolin motoci na Tokyo a 2009, a 2011 kuma Tarayyar Turai ta ba shi izinin hawa titi. A 2012 an saki irin waɗannan babura guda 80 a kudancin tsibirin Taiwan don gwaji. A 2017 'yan sandan birnin Landan suka karɓi Burgman guda 7 suka gwada su na wata 18, kowanne yana tafiyar kimanin kilomita 120 kafin a sake cika shi. Ashe ke nan, in tambayar ita ce ko babur zai iya tafiya da haidirojin, gani ya kori ji.

Amma fa, jama'a, ga abin da ya kamata mu tsaya a kansa. Yau fiye da shekara goma ke nan da ba Burgman izini, har yanzu ba a cika kantuna da shi ba. Me ya hana? A ganina dalilai huɗu ne.

Na farko shi ne wurin ajiya. In da nauyi za a auna, haidirojin ya fi fetur ƙarfi kusan sau uku: kilo ɗaya yana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 33 na lantarki, irin yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa. Sai dai babu abin da ya kai shi rashin nauyi a duniya. Kilo ɗaya, in an bar shi yadda yake, zai cika wuri mai faɗin lita dubu 11. Tilas a matse shi. Tankin Burgman yana riƙe matsi wanda ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau 700, alhali iskar da mai faci ke ɗura wa tayar mota ba ta wuce sau biyu da ɗan wani abu ba. Duk da wannan matsi, lita ɗaya giram 40 kacal take ɗauka, watau ƙarfinta bai kai kashi ɗaya bisa shida na litar fetur ba. Tankin da zai jure haka kuwa ba aikin mai walda ba ne, da zaren kabon ake naɗe shi. Motar Toyota Mirai da ta fito a 2014 tana ɗaukar haidirojin kilo 5 ne a cikin tankunan da nauyinsu ya haura kilo 80.

Duk da haka, adalci ya sa in ce wannan matsala ba ta fi ƙarfin babur ba. Mu ɗauka ƙaramin babur na bukatar yunit 4 na lantarki don tafiyar kilomita 100. Batir mai cin iska yana mai da kimanin rabin ƙarfin haidirojin ya zama lantarki, watau yunit 16 ko 17 daga kowane kilo. Ke nan rubu'in kilo ya isa wannan tafiya, shi kuwa tanki mai cin lita 6 zai ɗauke shi. Wannan zai shiga ƙarƙashin kujerar babur ba tare da wahala ba.

Dalili na biyu ya fi wannan tsanani, shi ne inda haidirojin ɗin zai fito. Ba a cika samunsa tsantsa ba, kullum yana manne da wani abu, ko a cikin ruwa ko a cikin gas, sai an kashe ƙarfi kafin a ɓamɓaro shi. Kusan dukkan wanda duniya ke amfani da shi daga gas da kwal ake fitar da shi, kowane kilo da aka samo daga gas kuwa yana sakin iskar kabon kimanin kilo 10. Ka ga an kori hayaƙi daga salansa ne an mai da shi masana'anta. Hanya mai tsabta ita ce a fasa ruwa da lantarkin hasken rana ko na madatsar ruwa, amma kilo ɗaya yana cin ruwa lita 9 da wuta fiye da yunit 50. Mu koma ga lissafinmu: rubu'in kilon nan zai ci yunit 13 kafin a same shi, ban da wutar matse shi, don kawai ya mayar mana da yunit 4. In da a batirin caji aka zuba wutar kai tsaye, kimanin yunit 5 sun wadatar. Watau a wutar da babur mai haidirojin zai yi tafiya ɗaya, babur mai batir ya yi kusan uku. A ƙasar da wutar lantarki ke yi wa jama'a rowa, wannan asara ba ƙarama ba ce.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwana game da labarin nan da kan taso lokaci-lokaci, wai wani ya ƙera abin hawa mai tafiya da ruwa zalla. Ruwa toka ne, shi ne abin da ya rage bayan haidirojin ya riga ya ƙone, kuma ƙarfin da za a kashe wajen fasa shi ba zai taɓa gaza wanda za a samu in an sake haɗa shi ba. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Meyer ya yi irin wannan da'awa, a 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta yanke hukuncin cewa damfara ce.

Dalili na uku shi ne gidan mai. Babur ba ya tafiya da alkawari. A ƙarshen 2024 gidajen sayar da haidirojin a duk faɗin duniya dubu ɗaya ne da 'yan kai, mafi yawansu a Sin da Koriya ta Kudu da Japan da Turai. Ko a can ma ba duka suka ɗore ba, domin a Fabrairun 2024 kamfanin Shell ya rufe gidajensa na ƙananan motoci a jihar Kalifoniya. Ga kuma batun kiyaye lafiya: haidirojin ba shi da wari, harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana, yana kuma kamawa in ya kai ko da kashi 4 cikin ɗari na iskar ɗaki. A sarari yakan tashi sama nan da nan ya watse, amma a cikin rufaffen shago ko zaure, inda muka saba kwana da baburanmu, sai an yi hattara matuƙa. Wannan ba kaya ba ne da ɗan bumburutu zai ɗura a galan.

Na huɗu shi ne tsada da laulayi. Filatinam ƙarfe ne mai daraja, kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi. Fai-fan nan yana son danshi, iska mai zafi busasshiya tana rage masa ƙarfi, ƙura da hayaƙin injuna kuma suna lalata filatinam ɗin. Duk wanda ya san hunturu da bazara a ƙasar Hausa ya san irin jarrabawar da ke jiran wannan na'ura.

Babban abin da ake yabon haidirojin da shi shi ne saurin cikawa, minti kaɗan an gama, alhali caji yana cin awoyi. To, masu batir sun zagaye wannan. Tun 2015 kamfanin Gogoro ya kafa rumfunan musayar batir a Taiwan, ka ajiye wanda ya ƙare ka ɗauki cikakke. Kamfanonin Ampersand da Spiro sun kawo irin wannan tsari ga 'yan acaɓar Ruwanda da Benin da Togo. Abin lura shi ne, Taiwan ɗin da ta gwada babura 80 masu haidirojin, ita ce ta zama cibiyar musayar batir.

Shin sai mu watsar da haidirojin ke nan? A'a. Yana da wurin da ba a iya maye gurbinsa, musamman wajen yin takin zamani, kamar yadda masana'antun yuriya na Lekki da Eleme ke fitar da shi daga gas. Akwai kuma wani abin ban sha'awa a maƙwabtanmu. A 1987 masu haƙa rijiya a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali suka ci karo da haidirojin kusan tsantsa yana fitowa daga ƙasa, a 2012 aka fara ba ƙauyen wuta da shi. In aka gano irinsa da yawa, lissafin da na yi ɗazu zai iya canjawa, wannan kuwa fage ne da ɗalibanmu na ilmin ƙasa ya kamata su sa wa ido.

A taƙaice, Malam Shugaba, amsata kashi biyu ce. Ta fuskar fasaha, babur mai cin haidirojin ya yiwu, an ƙera shi, an hau shi. Ta fuskar aljihun talaka da halin wutarmu kuwa, bai kai ga biyan bukata ba, babur mai batir ya riga shi. Shawarata ga 'yan'uwana masu neman abin da za su yi bincike a kansa ita ce, mu koyi wannan na'ura sosai a ɗakin gwaji, amma mu zuba mafi yawan ƙarfinmu wajen cajin batir da hasken rana, da gyaransa, da kare shi daga zafi da ƙura. In kuma wata rana wani ya zo da baburinsa yana neman kuɗin gwamnati ko namu, mu yi masa tambaya uku: ina haidirojin zai fito, yunit nawa ya ci, a ina kuma za a saya? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.