Motar Da Ta Zama Ɗakin Kwana: Yadda Za Mu Tsare Ta Daga Ɓarayi A Kan Hanya

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na goro ya gabatar a taron wata na ƙungiya, a Sabon Shagamu)

 

An umurce ni in ce wani abu game da tsare mota daga ɓarayi idan ana tafiya mai nisa. Ni dai ba ɗan sanda ba ne, ba kuma bakanike ba. Ɗan kasuwa ne, tun ina saurayi nake bin huhun goro daga nan zuwa Kano, yau shekara talatin da 'yan kai ke nan. Abin da hanya ta koya mini shi zan faɗa, inda na yi kuskure manya su gyara.

A ƙasashen Turawa, kamar Amurka da Ingila, akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da wurin girki da makewayi a ciki, mutum ya kwashi iyalinsa su yi ta yawo, inda dare ya yi su kwana. Su ma ɓarayi na damunsu, shi ya sa da yawansu ke biyan kuɗi su kwana a filayen da aka tanada domin irin waɗannan motoci. Mu tamu motar ba don kwana aka ƙera ta ba, amma daga nan zuwa Kano tafiyar ta kusa kilomita 1,000, dole a kwana a hanya. Bas ɗin nan ko babbar motar nan ita ce ɗakinmu, ita ce shagonmu, a cikinta jarinmu yake. Wanda ya bi hanyar Jabba zuwa Mokwa a daminar 2017, lokacin da gadar Tatabu ta karye, ya san ba kullum ne mutum ke kwana inda ya yi niyya ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Shekarun baya mun taso daga nan da bas, ni da direba da yaron mota. Bayan mun wuce Badun da Ogbomosho muka tsaya wurin wani mai shayi. Da na zo biya sai na zaro damin kuɗi gaba ɗaya daga jaka, na kuma amsa waya da ƙarfi ina gaya wa maigidana yawan kayan da ke cikin mota. Dare ya yi mana bayan Ilori. Muka ga wani tsohon gidan mai da aka daina aiki a cikinsa, babu fitila, babu kowa, na ce wa direba nan ya fi shiru, mu kwana. Da asuba mu ukun duka muka sauka neman ruwan alwala. Ba mu yi minti goma ba. Da muka dawo sai muka tarar an fasa ƙaramin gilashi, jakar kuɗi da takardun mota sun tafi. Shi kuwa ƙarfen da na saya da tsada na kulle sitiyari, yana nan daram, ko taɓa shi ba a yi ba.

To kun ga, jama'a, laifina uku ne a wannan dare: na nuna, na faɗa, na kuma kwana inda babu idon mutane. Babu ko ɗaya da kwado zai iya gyarawa. Shi ya sa maganar da nake so kowa ya tafi da ita yau ita ce, wurin da ka kwana ya fi kwadon da ka saya muhimmanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na farko ke nan, wurin tsayawa. Tun kafin ka tashi ka san inda za ka kwana, ka kuma yi lissafi ka isa can kafin magariba. Ka nemi inda akwai haske da maigadi da sauran motoci, ko da za ka biya ɗan kuɗin gadi. Amma fa cunkoso shi kaɗai ba tsaro ba ne. Manyan wuraren tsayawar tireloli, irin Ogere a nan kusa da mu ko Tafa a hanyar Kaduna, kowa da kowa na shiga, na kirki da na banza, don haka can ma ka nemi kusa da wanda ka sani. Idan za ka ajiye mota, ka manna ƙofar baya da bango ko da wata mota yadda ba za ta buɗu ba, gabanta kuma ya fuskanci mafita. Kuma kada a taɓa barin mota ita kaɗai. Ko abinci ne ko salla, a yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tsaya ɗaya ya tafi. Da dare ma haka nan, a raba barci.

Abu na biyu, ido da baki. Ɓarawo ba boka ba ne, abin da ya gani ko ya ji shi yake bi. Kada ka bar jaka ko waya a kan kujera, ko da babu komai a cikin jakar, domin sai ya fasa gilashin kafin ya gane. A sa labule a tagogin baya. Kuɗin shayi da na mai a ajiye su daban a aljihun gaba. Tun da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, yanzu ga shi ana tura kuɗi ta banki, babu dalilin ɗaukar jari a jaka kamar yadda iyayenmu ke ɗaurawa a ƙugu. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ma ya koya wa da yawanmu wannan ko muna so ko ba ma so. Sa'an nan ranar tashi da hanyar da za a bi, maigida da iyali kaɗai ya kamata su sani, ba duk wanda ke zaune a tasha ba.

Abu na uku, ita motar kanta. Ban ce kwado ba shi da amfani ba. Amfaninsa shi ne ya ɓata wa ɓarawo lokaci, ya sa shi yin ƙara, shi kuwa abu biyun nan ne ba ya so. A sa ƙarfen sitiyari ko na kuloci. A sa mai walda ya yi wa batir keji, a sa kwado a murfin tanki da kan tayar safiya, domin sau da yawa ba motar ake so ba, batir ne da mai da madubi da abin nan da bakanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. A zana lambar mota a jikin gilasai da madubai, kayan da ke da lamba wuyar sayarwa gare su. A sa mai wayarin da aka amince da shi ya yi ɓoyayyen makunni mai yanke mai ko wuta, wanda daga kai sai direba suka san inda yake. Mai hali ya sa na'urar bin sawu, wadda ke nuna inda mota take a wayarsa, amma ya tuna da layin waya take aiki, idan kuɗinta ya ƙare ko aka shiga inda babu sabis ba za ta aiko da komai ba. Masu manyan motoci kuwa su kula da tamfol, a ɗaure shi da igiya tamau, domin a hawan tudu da wurin ramuka, inda mota ke rarrafe, nan ake hawa a yanka a jefo kaya.

Akwai wani haɗari da tsoron ɓarayi ke jawowa, dole in ambata. Wani sai ya rufe gilasai ruf, ya bar inji a kunne ko ya shigo da garwashi saboda sanyi. Iskar da ke fita daga salansa da garwashi guba ce, ba ta da wari, mutum na barci take kashe shi. A kashe inji, a bar kafa kamar faɗin yatsa a taga biyu, makulli kuma ya kwana a jikin direba.

Abu na huɗu, dabarun kan hanya. Idan wani ya zo gefenka yana nuna tayarka ta sace ko hayaƙi na fita, kada ka taka birki nan take a daji. Ka rage gudu, ka lallaɓa zuwa gari ko shingen jami'an tsaro sa'an nan ka duba. Gara ka yi asarar taya ɗaya. Fasinjan kan hanya da ba a tasha ya hau ba, komai kuɗinsa, a ba shi haƙuri. Idan kuwa abin ya kai ga masu makami, wallahi 'yan'uwa kada a yi gardama. A ba su. Dukiya ana sake nema, rai ba a sakewa.

Abu na biyar, takardu. Ni abin da ya fi wahalar da ni ba kuɗin ba ne, takardun ne, domin ko lambar shasi ban riƙe ba da 'yan sanda suka tambaye ni. Kowa ya yi hoton takardunsa, ya rubuta lambar shasi da ta inji, ya bar kwafi a gida, ya kuma ɗauka a waya. A riƙe lambar gaggawa ta ƙasa, 112, da ta hukumar kiyaye haɗurra, 122. A kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa nan da nan, a karɓi takardar shaida. Mu kuma sani, ƙaramar inshorar nan da yawancinmu ke yanka don a wuce shinge, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan motar da aka sace. Wanda ke son a biya shi sata sai ya yanki babba.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabanni. Kusan kowane babban gari a hanyar nan, daga Badun zuwa Oyo da Ogbomosho har Ilori, akwai unguwar 'yan'uwanmu da shugabanninsu. Me zai hana sakatare ya buɗe littafi, direbobinmu su rubuta wuraren kwanan da suka gwada suka ga amincinsu, da lambar wanda za a kira a kowane gari? A kuma ajiye kwafin takardun motocin 'yan ƙungiya a ofis. Yaranmu da ke fara bin hanya yanzu bai kamata sai an fasa musu gilashi ba kafin su koyi abin da muka koya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya tsare mana dukiyoyinmu.