Mai Tsokana a Majalisa: Abin da Ya Faru a Muraisi'u

 

Ƴan'uwa masu saurarenmu, a daren yau za mu yi magana a kan wani mutum da kusan kowace majalisa ta san irinsa. Ana zaune a fada bayan asham, shayi na kan gawayi, sai ya jefo tambaya: anya sallar masu sakin hannu ta yi kuwa? Ko ya tono rikicin gonar da aka binne tun zamanin kakanni. Sa'an nan ya jingina yana murmushi, mu da muka wuni da azumi mu kama cacar baki har lokacin sahur. Ba ilimi yake nema ba, domin da ilimi yake so, ya san ƙofar gidan malam.

Irin wannan ya faru a gaban Manzon Allah (SAW). A yaƙin Banu Musɗaliƙ, runduna ta sauka a bakin ruwan Muraisi'u. Jahjahu, ɗan aikin Sayyidina Umar, da Sinanu, abokin ƙawancen Khazraj, suka yi turereniya wajen ɗibar ruwa. Wannan ya kira Muhajirai, wancan ya kira mutanen Madina. Manzon Allah ya fito ya tsawata, ya siffanta wannan kira da cewa na jahiliyya ne, mai ɗoyi. Wutar ta lafa.

Sai Abdullahi bin Ubayyu, shugaban munafukai, ya sake hura ta. Ya zauna cikin mutanensa yana cewa su suka jawo wa kansu da suka ba baƙi masauki, kuma da an koma Madina za a kore su. Wani yaro, Zaidu bin Arƙam, ya ji, ya kai labari. Umar ya nemi a kashe shi. Manzon Allah ya ƙi, don kada mutane su riƙa cewa Muhammadu yana kashe sahabbansa.

To, ku saurari abin da ya yi. Ya ba da umarni a tashi, a lokacin da bai saba tafiya ba. Aka yi ta tafiya har rana ta faɗi, aka kwana ana tafiya, aka wayi gari ana tafiya, har rana ta fara ƙuna. Da aka sauka, jikinsu na taɓa ƙasa barci ya kwashe su. Malaman tarihi sun ce ya yi haka ne don ya shagaltar da jama'a daga maganar jiya. Ai zancen da ake ta juyawa ƙara tsami yake yi.

Shugaban fada, liman, mai unguwa, wannan aikinku ne. Idan mai tsokana ya jefa tasa, kada ku buɗe masa fili. A sauya zance, ko a tashi a je gai da marar lafiya. Gobe babba ya same shi a zaurensa, su biyu, ya yi masa nasiha. Mu lura kuma, da yawanmu mun fi shi laifi, tunda mu ke ɗaukar maganar daga wannan fada mu kai waccan don a ji daɗin hira. Zaidu shugaba ya kai wa, kuma Suratul Munafiƙun ta sauka ta gaskata shi.

Bayan wannan haƙuri, mutanen Bin Ubayyu da kansu suka koma suna tsawata masa duk lokacin da ya ɓaro wata. Ɗansa na cikinsa, shi ma Abdullahi, mumini na gaske, ya tare shi a mashigar Madina, ya hana shi shiga sai da Manzon Allah ya ba da izini.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya tsare harsunanmu.