Yini Guda A Dajin Arewacin Amurka

Yau za mu ba ku labarin wata jiha ta ƙasar Amurka, can arewa a kan iyakar Kanada, ana ce da ita Minisota. Ƙasa ce ta daji da ruwa, tafkunanta sun fi 11,000. Da hunturu ruwan tafki ya kan daskare har mota ta bi ta kansa. Amma daga Yuni zuwa Agusta sanyi ya kan sake su, rana ta yi tsawo, har ƙarfe tara na dare da sauran haske.

A wannan lokaci mutanen wurin suna da wata al'ada mai ban mamaki. Mutum yana da gidansa, ga gado ga lantarki, sai ya kulle, ya kwashi iyalinsa a mota, su shiga daji su kafa tanti, su yi mako guda suna kwana a ƙasa. Ba fatauci ba ne, ba kiwo ba. Hutawa ce kurum, har kuɗin kwana su ke biya.

To, mu ƙaddara mu ma mun kafa tantinmu a gandun daji na Aitaska. Yau kwananmu uku, guzuri ya yi ƙasa, tufafi sun yi dauɗa. Sai mu tafi gari mu yi sayayya, mu komo mu buɗe ido.

Kafin mu tashi sai mu kwashe abinci kaf mu zuba a mota, har da sabulu. Akwai wata baƙar dabba a dajin da a ke kira beya, ƙatuwa ce, tana da jin ƙanshi daga nesa. Ba ta cika kai wa mutum hari ba. Amma in ta ɗanɗana abincin mutane sau ɗaya ta riƙa zuwa ke nan, sau da yawa ƙarshenta malaman daji su harbe ta. Kun ga sakacin mutum guda ya kashe dabbar da ba ruwanta.

Garin da za mu shi ne Bemiji, tafiyar mil 30 da ɗoriya. A kanti za mu sayi burodi, da maganin sauro, da ƙanƙara. Ƙanƙarar nan a jaka a ke sayar da ita, a zuba a akwatin abinci don kada nama da madara su lalace. Sauronsu ba ya kawo zazzaɓi irin namu, amma yana da yawa, ga naci. Wanki kuwa akwai shago mai injuna a jere, mutum ya jefa kuɗi, inji ya wanke, wani ya busar. Wanda ke son kama kifi sai ya yanki lasisi tukuna.

Kada mu manta da shinkafar ruwa. Baƙa ce, doguwa, da kanta ta ke fitowa a bakin tafki. Mutanen Ojibuwe, watau waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, su ne masu ita tun kaka da kakanni. Wajen ƙarshen Agusta su kan shiga kwalekwale, ɗaya na tuƙi da gora, ɗaya na karkato kan shinkafar da sanda yana kakkaɓewa da wata sanda. Wadda ta zube a ruwa ita ce irin baɗi.

A bakin tafkin garin akwai mutum-mutumi na wani ƙato, tsawonsa ƙafa 18, da sansa shuɗi a gefe. An kafa su a 1937. Sunan ƙaton Paul Bunyan, wai gwanin saran itace ne. Tatsuniya ce. Amma saran ba tatsuniya ba ne. Kamfanonin katako sun yi shekaru suna sarar itatuwan fayin na jihar, dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, har aka kusa ƙarar da manyansu.

Wani mutum mai suna Jacob Brower shi ya dage a keɓe dajin Aitaska. A 1891 majalisar jihar ta yarda, da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Gandun yanzu ya fi eka 32,000.

A bakin ƙofar gandun za mu sayi itacen wuta. Za ku ce, ga itace zube a daji, don me za mu saya? An hana tsinta, don ya ruɓe ya koma taki. An kuma hana mutum ya ɗauko na gidansa daga nesa. Dalili, akwai wani koren ƙwaro da ya shigo daga Asiya. An fara ganinsa a Amurka a 2002, ya iso Minisota a 2009. Tsutsarsa na ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, tana ci har itacen ya mutu a tsaye, ya kuwa kashe miliyoyin itatuwa. Da fikafikinsa ba ya nisa. A cikin ɗaurin itace a bayan mota ya ke yin doguwar tafiya.

Yanzu sai abin da ya fi kawo mutane, watau mafarin kogin Misisifi. Babban kogi ne, tsawonsa ya kusa na Kwara, manyan jirage na bin sa. Amma a nan, inda ya ke fita daga tafkin Aitaska, ɗan rafi ne, da ƙyar ya kai gwiwa. An jera duwatsu, yara da tsofaffi suna cire takalma suna tsallakawa. A gefe akwai gungumen itace da aka sassaƙa rubutu a kai, ya nuna wurin yana ƙafa 1,475 bisa teku, da sauran mil 2,552 kafin ruwan ya kai teku. Ruwan da ya taɓa ƙafarmu yau sai ya yi kamar wata uku a hanya. Da fari ma arewa ya ke nufa, ya bi ta Bemiji, kana ya juya kudu.

Littattafai sun ce Henry Schoolcraft ne ya gano wurin a 1832. Gaskiya ne ya zo a shekarar, shi ya kuma raɗa wa tafkin suna. Amma wani Ba'ojibuwe mai suna Ozawindib ne ya yi masa jagora. Wanda ya nuna hanya ai ya riga sanin wurin.

Ɗakin baƙi da ke kusa an sa masa sunan Mary Gibbs. A 1903 mahaifinta, mai kula da gandun, ya rasu, aka ba ta aikin tana da shekara 24. Masu katako sun datse kogin don ruwa ya taru su kora gumagumansu. Ruwa ya hau, ya fara cin saiwoyin itatuwan bakin tafki. Ta je da takardar hukuma a buɗe madatsar. Wani ya ɗaga bindiga, ya ce duk wanda ya taɓa maɗagin ƙofar zai harbe masa hannu. Ta matsa ta ɗora hannunta. Ƙarfinta bai iya ɗaga shi ba, amma ba a harba ba, daga baya kuma aka buɗe, ruwa ya sauka. Masu katako suka kai ƙara, ba ta ko daɗe a kan aikin ba. A bakin tafkin nan har yanzu akwai itatuwan da suka haura shekara 300. In muka tsaya a gindinsu muka ɗaga kai, sai hula ta faɗi.

Mai sauran ƙarfi ya hau hasumiyar da a da a ke tsayawa a hangi gobara, tsawonta ƙafa 100. Mu dai mun gaji, sai tanti.

Wuta a cikin zoben ƙarfe da aka tanada kaɗai a ke hura ta. In an gama dahuwa da hira a kwarara mata ruwa, a motsa tokar, a ƙara ruwa, har sai ta huce. Ba su wasa da wannan, gama a 1894 gobarar daji ta cinye garin Hinkili a jihar, mutum fiye da 400 suka mutu. Daga nan a mai da abinci mota, a rufe bakin tanti saboda sauro. Can cikin dare za mu ji wata murya daga tsakiyar tafki, sai ka ce dariyar kura. Kada kowa ya firgita. Wani tsuntsun ruwa ne mai jan ido, ana ce da shi lun.