Ƙananan Jiragen Sama na Masu Zaman Kansu: Yadda Ake Lissafinsu da Kula da Su

Tun daga shekarar 1925 da jirgin sama ya fara sauka a Kano, zirga-zirga a sararin samaniyar Nijeriya ta yi ta bunƙasa. Ban da manyan jiragen fasinja, akwai ƙananan jirage na 'yan kasuwa, da na kamfanoni, da na ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Hukumar NAMA, da aka kafa bisa dokar 1999, ita ke da alhakin kula da zirga-zirgarsu duka, manya da ƙanana.

A hasumiyar filin jirgin sama, kowane tashi ana rubuta shi motsi ɗaya, kowace sauka ma haka, ko jirgin na ɗauke da mutum 2 ko 300. Saboda haka ɗalibin da ya kewaya fili sau 10, yana sauka yana tashi, ya bar motsi 20 a littafi. Da wannan lissafi ne hukuma ke sanin yawan ma'aikata da kayan aikin da kowane fili ke bukata.

Kafin tafiya, ƙa'idar ƙasashen duniya ta ce matuƙi ya miƙa takardar tsarin tafiya aƙalla minti 60 kafin tashi. A ciki zai bayyana lambar jirgi, wadda a Nijeriya ke farawa da 5N, da hanyar da zai bi, da yawan mutanen da ke ciki, da awannin da mansa zai kai. Sa'an nan ba ya hawa titin tashi sai jami'in hasumiya ya ba shi izini ta rediyo. Galibi wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama, amma jirgin da ke cikin haɗari, ko mai ɗauke da majinyaci, shi ake gabatarwa.

Takardar nan kuwa tana iya zama sanadin ceton rai. Idan minti 30 suka wuce bayan lokacin da ya kamata jirgi ya iso, ba a kuwa ji ɗuriyarsa ba, jami'ai za su fara cigiya, in abin ya ci tura a tashi masu aikin ceto. Hanyar da matuƙi ya rubuta ita za su fara bi.

Don haka tilas ne matuƙin da ya sauka a ƙaramin fili marar hasumiya ya sanar da jami'ai isowarsa nan take. Wanda ya yi sakaci da wannan zai sa a fita neman jirgin da ke ajiye lafiya, alhali wataƙila wani na can yana bukatar taimako na gaskiya. Ana roƙon masu jirage da matuƙansu su kiyaye wannan ƙa'ida, domin lafiyarsu da ta fasinjojinsu.