Zauren Ɗalibai: Jawabi Ga Sababbin Shiga Jami'ar Ahmadu Bello



An nemi mu yi magana a kan amfanin cibiyar ɗalibai, watau wurin da mu za mu fi so mu kira zaure. Amma kafin a gane amfanin zaure, sai an san gidan da yake cikinsa. Saboda haka ku yi mana haƙuri mu ɗan waiwaya baya.

An buɗe wannan jami'a ran 4 ga watan Oktoba, 1962, bayan Kwamitin Ashby ya ba da shawara a 1960 cewa a ƙara yawan jami'o'i a Nijeriya. Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, shi ne Uban Jami'a na farko. Dokta Norman Alexander, mutumin New Zealand, ya fara riƙon shugabancinta, kana Dokta Ishaya Audu ya karɓa daga 1966 har zuwa 1975. Da ɗalibai 426 kawai aka soma. Ba daga fili aka tayar da ita ba, makarantun da ke nan tun tuni aka harhaɗa: Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Samaru, da makarantar horar da ma'aikatan mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona, da kuma kwalejin Kano wadda aka sa wa sunan Abdullahi Bayero, ta kuwa zama jami'a mai cin gashin kanta a 1977.

Ku lura da wannan. Tun ranar haihuwarta jami'ar a warwatse take, mai koyon shari'a yana Kongo, mai koyon aikin injiniya yana Samaru. Ɗalibanta kuwa sun fito daga Barno da Ilori da Binuwai da Kudu, har da ƙasashen maƙwabta. Aji ba ya haɗa irin waɗannan mutane, sai ma ya rarraba su, don kowa tsangayarsa yake nufa da safe. Mutum yana iya shekara huɗu a nan, ya karɓi digirinsa, bai taɓa zama ya yi gardama da wanda ba yarensu ɗaya ba. Irin wannan ɗalibi ya sami takarda, amma rabin abin da ya zo nema ya bar shi a baya.

A da akwai abin da ke toshe wannan giɓi, shi ne ɗakin cin abinci. Sau uku a rana dole a haɗu, a bi layi ɗaya, a zauna a teburi ɗaya, Bahaushe da Tibi da Bayarabe. A kan kuɗin wannan abinci ne ma aka yi rikicin 1978, lokacin da aka ƙara kwabo 50 a kan na kowace rana, ɗalibai a ƙasa duka suka nemi Kwamishinan Ilmi, Kanar Ahmadu Ali, ya sauka. An zubar da jinin ɗalibai a Samaru a wannan shekara, an kuma sake zubarwa a watan Mayu na 1986. Ba mu ambaci wannan don mu zuga kowa ba. Mun ambata ne don ku ga cewa mutanen da suka saba zama wuri guda su ne ke iya magana da murya guda. Gwamnati ta janye tallafin abinci a 1984, teburin nan ya watse, kowa ya koma kan risho ɗinsa a ɗaki ko rumfar mai tuwo.

To, me ya rage? Laburaren Kashim Ibrahim wurin shiru ne, haka kuwa ya kamata. Masallaci da coci kowanne da jama'arsa. Ɗakunan kwana, ko Suleiman ko Amina ko Danfodiyo, maza daban mata daban. Zauren ɗalibai kaɗai ya saura wanda kowa ke da haƙƙin shigarsa ba tare da an tambaye shi addininsa, ko jiharsa, ko abin da yake karantawa ba.

Duk wanda ya tashi a gidan gargajiya ya san aikin zaure. Nan ake sauke baƙo, nan ake sasanta rigima kafin ta kai gaban alƙali, nan yaro ke rakuɓewa ya ji yadda manya ke jefa magana. Ku da za ku zama ma'aikatan gwamnati gobe, babu malamin da zai koya muku yadda ake shugabantar taro, ko rubuta abin da aka tattauna, ko shan kaye a ƙuri'a a kuma gaisa da wanda ya yi nasara. A zaure ake koyonsu, ta hanyar yi da kuskure.

Abin da ke ba mu tsoro shi ne abin da muke gani a jami'o'i da dama, inda aka yanyanka irin wannan wuri aka mai da shi shaguna na haya. Ba mu ƙi mai aski da mai buga takardu ba, muna bukatarsu. Amma in kasuwa ta cinye wurin zama, ɗalibi sai ya zama mai saye kurum, ya biya ya wuce da kansa a sunkuye kan waya.

Don haka muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta keɓe dare ɗaya a kowane mako domin muhawara, wani mako da Hausa wani da Turanci, ta kuma tanadi mota ga 'yan Kongo. Ku kuma sababbin shiga, in kun zo, kada ku zauna kusa da ɗan garinku.