Bambanci Tsakanin Kuɗin Cizo da Ƙwaron Darduma

Jawabinmu na yau a kan ƙwari biyu ne waɗanda jama'a kan ɗauka ɗaya ne, har su ɓatar da kuɗi a kan maganin da bai dace ba.

Kuɗin cizo ja-ja ne, shimfiɗaɗɗe, tsawonsa kamar milimita 5, ba ya tashi sama. Abincinsa jini. Da rana yakan ɓuya a tsagar gado da ɗinkin katifa, da dare ya fito. Alamarsa ita ce ɗigo-ɗigon baƙi a shimfiɗa.

Ƙwaron darduma kuwa dunƙulalle ne, bai wuce ƙwayar dawa ba, bayansa roɗi-roɗi. Yana tashi, amma ba ya cizo. Tsutsarsa mai gashi ita ke ɓarna, gama tana cin ulu da fata da gashin tsuntsu. Gashinta kan sa wa waɗansu ƙaiƙayi, sai a zargi kuɗin cizo, a dinga feshe gado, alhali alkyabba da buzu suna lalacewa cikin adaka.

Saboda haka a duba tukuna. In kuɗin cizo ne, a kwarara wa gado tafasasshen ruwa, a wanke mayafi da ruwan zafi, a liƙe tsagar bango. In tsutsa ce, a fitar da kaya a kakkaɓe, a shanya a rana, a share ƙarƙashin adaka.

Muna roƙonku ku isar da wannan ga dagatai da masu unguwa. Rigakafi ya fi magani.