Tarihin Kano Yana Cikin Unguwanninta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



A yau da mu ke aza harsashin wannan masallaci, ya kamata mu tuna cewa a kan ƙasa mai daɗaɗɗen tarihi mu ke gini. Wanda ya ke son sanin wannan tarihi kuwa, ba sai ya je nesa ba. Ya ɗauki takalminsa bayan sallar asuba, ya bi lunguna.

Ya fara da Dutsen Dala, inda Barbushe ya zauna yana bautar Tsumburbura tun kafin hasken Musulunci ya iso. In ya sauko, ya ratsa ta Madabo, unguwar da a ke dangantawa da malaman Wangarawa, waɗanda littafin Tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, watau tsakanin 1349 da 1385. Daga nan ya nufi Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. Shi ne ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa, ya kuma karɓi baƙuncin Shehu Magili, wanda ya rubuta masa littafi a kan wajiban sarakuna. Sharifai ma da zuri'ar wannan shehi a ke danganta ta.

Sa'an nan ya saurari sunayen unguwanni, gama kowanne shaida ne. Agadasawa ta mutanen Agadas ce, Zangon Barebari na fataken Barno, Tudun Nufawa na Nufawa, Ayagi ta Yarbawa. Dandalin Turawa kuwa Larabawan arewacin Afirka a ke nufi, don su a ke kira Turawa kafin zuwan Nasara, waɗanda suka shigo ta Ƙofar Kabuga a 1903. Ashe baƙi da 'yan gida ne suka haɗu suka gina Kano, kamar yadda mu ma muka haɗu a yau.

Amma jama'a, akwai abin tsoro. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa tana zaizayewa, an haƙe wani sashe, an yi gidaje a kan wani. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne dattawan da suka san asalin kowace rijiya da kowane zaure suna ta yin ƙaura zuwa gidan gaskiya, ba a rubuta abin da ke bakinsu ba. Masallatai nawa ne a lungunanmu da ba wanda zai iya faɗin wanda ya aza harsashinsu?

Saboda haka ina roƙon kwamitin wannan masallaci abubuwa uku. Na farko, a rubuta ranar yau da sunan duk wanda ya ba da taimako, komai ƙanƙantarsa, a adana. Na biyu, in Allah Ya sa an kammala gini, a keɓe yamma ɗaya kowane wata, bayan la'asar, wani dattijo ya ba da labarin unguwarsa, ɗalibai su rubuta. Na uku, malaman makarantu su riƙa fita da yara a ƙafa, daga Dala zuwa marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, su nuna musu da ido, domin gani ya kori ji.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya nuna mana ranar buɗe wannan ɗaki nasa lafiya. Amin.